Amsa: Shin Istanbul Modern ya cancanci a ɓata masa lokaci?

Ɗan'uwa, ka ce kwana uku kawai za ka yi a Istanbul, kana tambaya ko ka ware lokaci don wannan gidan zane-zanen zamani. Ni dai na ce ka je, amma kar ka je ranar Litinin, a rufe yake.

Gidan yana Karaköy, a bakin ruwan Bosphorus. Ka hau taragon T1 ka sauka a Tophane, ƴar tafiya ce da ƙafa, za ka wuce ta gefen Masallacin Nusretiye. An buɗe shi a 2004 cikin wani tsohon sito na tashar jiragen ruwa, sannan a 2023 ya koma sabon ginin da Renzo Piano ɗan Italiya ya tsara.

Kar ka sa ran ganin takubban sarakuna ko kayan Daular Usmaniyya, wannan sai tsohuwar fadar sarakuna ta Topkapı. Nan aikin masu zanen Turkiyya ne na bayan-bayan nan. Ka tsaya gaban zanen Fahrelnissa Zeid. Daga nesa kamar tarkacen gilashi masu launi, sai ka matso ka ga baƙaƙen layukan da suka ɗaure komai. Na fi minti goma a tsaye, ni da na shiga ina cewa "wannan ai yaro ma zai zana".

Wasu ayyukan bidiyon kam ban gane musu ba, wucewa na yi.

In ka gama ka hau saman bene. Akwai ruwa shimfiɗe kamar faranti, ga tsohon birni da hasumiyoyin masallatai a tsallake. Awa biyu ta ishe ka.