Ga ɗan'uwan da aka kira butulu don ya soki Dabo

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama min tsohon ciwo. Ka ce bayan Syracuse ta zo har gida ta doke mu 34-21 a Satumbar 2025, ka faɗa wa abokan kallonka cewa zamanin Dabo Swinney, kocin ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka a jami'ar Clemson, ya wuce, sai suka yi maka ca, wai kai butulu ne, wai mutumin da ya kawo kofin ƙasa har biyu ba a ɗaga masa murya. Kana tambaya ko ka janye maganar. Wallahi da na karanta sai da na kife waya na yi shiru, domin abin da aka yi min ya fi naka zafi.

Ranar Asabar 26 ga Nuwamba 2022 ina cikin fili, ranar da South Carolina ta zo. Maƙwabcina ne ya ba ni tikiti, wani dattijon Bature da ya ja ni a jiki tun da na tare a unguwar. Shi ya koya min dokokin wasan nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya saya min rigata ruwan lemo ta farko. In yana gashi a bayan motarsa kafin wasa, kazata a wani ɗan murhu daban yake ɗora ta don kada ta taɓa naman alade, ba tare da na taɓa roƙonsa ba. Irin wannan mutumin nake ba ka labari.

Kun san yadda ta kaya. Muna gaba da 14-0, aka tashi sun ci mu 31-30. Wasa 40 a jere ba a ci mu a gida ba, ranar aka yanke. DJ, mai jefa mana ƙwallo, ya yi jifa 29, guda 8 kacal aka cafe, ga Klubnik da zai iya canjinsa zaune a benci muna kallonsa. Da muka dawo wurin ajiye motoci raina a ɓace, na ce koci ne ya kayar da mu da taurin kai, ya ga yaro ba ya ja ya ƙi canza shi. Iyakar abin da na ce ke nan. Dattijon nan ya rufe akwatin ƙanƙararsa, ya juyo, a gaban matarsa da 'ya'yansa da abokansa ya ce jiya-jiyan nan na zo, ina nake a 2010 lokacin da suka ci 6 aka ci su 7 suna zaune cikin sanyi, in koma in soki kocin ƙwallon ƙasarmu. Ba wanda ya ce uffan. Matarsa ta sunkuyar da kai tana naɗe kujeru. A motarsa na zo, dole a motarsa na koma, tun daga fili har ƙofar gida ba mu yi magana ba, sai rediyo. Na shiga gida na kasa cin abinci, maiɗakina tana ta tambaya ko an yi rasuwa ne.

Bayan mako guda aka sa Klubnik a wasan ƙarshe na ACC, gasar rukunin jami'o'in da muke ciki, muka lallasa North Carolina 39-10. Na yi ta jira ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ya ce min kalma ɗaya. Shiru. Har yau ɗaga hannu kawai muke yi ta saman shinge. Ba rashin nasarar ce ta tsaya min a rai ba, wannan kalmar ce ta "jiya ka zo". Ashe duk ihun da na yi da muryar da na disashe, a idonsa baƙo nake.

To kada ka janye. Amma ka gyara lafazin. "Zamaninsa ya wuce" magana ce da za a yi ta ja har asuba. Ka kama abin da ba a musu. Tun da aka buɗe ƙofar sauya sheƙa ga ɗalibai kowa yana cefane, shi ya naɗe hannu. Kafin kakar 2024, in ka cire makarantun soja uku, mu kaɗai ne ba mu ɗauko ko mutum ɗaya daga wata makaranta ba, sai Georgia ta buɗe mana kaka da 34-3. A 2025 ya ɗauko uku, aka sa mu na 4 a ƙasa kafin a fara, sai ga mu da nasara ɗaya a wasa huɗu na farko. Tun da manyan mataimakansa biyu suka bar shi a ƙarshen 2021, Venables ya tafi Oklahoma, Elliott ya tafi Virginia, ni dai ban sake ganin ƙungiyar da ake tsoro ba. Kuma wanda ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 115 na shekara goma, ai tambaya ta halatta a kansa. Kun tuna yadda ya harzuƙa a shirinsa na rediyo a 2023, muna 4-4, da wani ya taɓo zancen albashi. Ranar na ji masa ciwo, na kuma ji wa mai kiran, don na san irin wannan tsawar.

Ni fa ina son mutumin nan. Daren da ɗan wasanmu Watson ya jefa wa Renfrow saura daƙiƙa ɗaya, muka ci kofin farko a ƙarƙashinsa, na yi tsalle har na fasa fitilar falo. 44-16 ɗin da aka yi wa Alabama a wasan kofi na biyu kuwa har gobe ina komawa in kalla. Wanda bai damu ba ai ba ya suka, canza tasha yake yi.

Wani abu kuma, kada ka yi magana a wurin ajiye motoci. Ka bari a kwana. Da na bari zuwa Lahadi, wataƙila da har yanzu ina cin kazar nan. Kuma in yaranka suna kusa, ka kame bakinka, ɗana ya ji ina faɗa a waya ya je makaranta ya maimaita, aka yi ta tsokanarsa. Ka rage sauraron masu kira a rediyo bayan wasa, hawan jini kawai suke ƙarawa. Ka tashi ka yi sallarka, ka sha ruwa.

Su abokan naka, in 'yan gida ne da kuke haɗuwa a masallaci, kada ka bari ta yi tsami irin tawa.  Ka kira wanda ya fi zafi a cikinsu, ka ce masa kana nan a kan bakanka game da cefanen 'yan wasa, amma wasa na gaba a gidanka za a kalla, shayi naka ne.