Tambaya da Amsa: An tura ƙanena wani tsibiri a Japan, me zai ci a can?

TAMBAYA: Salam Anti. Ƙanena ya samu aiki a Japan, muna ta murna mun ɗauka Tokyo ne, sai gashi wai wani tsibiri ne ana ce masa Sado. Mama ta kasa bacci, tace ƙauye ne cikin ruwa kuma ɗanyen kifi kawai suke ci. Dan Allah ya rayuwar can take?
Daga wata mai karatu, Rikkos, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki cewa Mama ta kwantar da hankalinta, ƙauye ne kam ba ƙarya, amma yunwa ba zata kama shi ba. Sado yana ƙarƙashin lardin Niigata, daga birnin Niigata jirgin ruwa na kai mutum cikin awa biyu da rabi, mai gudun kuma wajen awa ɗaya. Mutanen tsibirin wajen dubu 50 ne yanzu, alhali a 1950 sun haura dubu 120, matasa sun gudu birni sun bar tsofaffi. Ni a ganina wannan shi zai fi damunsa, shiru da kaɗaici, musamman da hunturu in iskar teku ta taso har jirgi ya fasa tashi. Sanyin Jos ɗin da kuke taƙama dashi wasa ne, ya sayi rigar sanyi ta gaske.

Abinci kuwa shinkafa ce gaba da baya, kuma shinkafar tasu akwai labari. Akwai wani tsuntsu toki, fari mai jan fuska, na ƙarshe ɗan asalin Japan ya mutu a 2003, sai aka hayayyafa waɗanda China ta basu aka fara sakinsu a Sado a 2008, to don tsuntsun ya samu kwaɗi da ƙananan kifi a fadamar shinkafa manoma da yawa suka rage feshi da takin zamani, har buhun ma tambarin tsuntsun ake buga masa. Ɗanyen kifi ana ci, gaskiya ne, amma ba dole, akwai gasasshe akwai na miya. Suna da wani ɗan itace kaki, dangin kanya ne amma ya kai girman tumatir, nasu babu ƙwallo a ciki, da kaka a fere shi a shanya.

Inda zai buɗe ido shine girki. Suna zuba wasu abubuwa da ake kira "mirin" da "sake" a miya, dukkansu giyar shinkafa ce, romon taliyar ramen kuma sau da yawa ƙashin alade ne. Ya koyi tambaya da yarensu tun kafin ya tafi, in da hali ya riƙa girka nasa. Ki ƙulla masa yaji da daddawa.

Sana'a kuma wlh sun burge ni. Ku 'yan Jos kun san yadda gari ke zama in an gama haƙar kuza. Su zinare ne, an gano shi a yankin Aikawa na tsibirin a 1601, aka yi ta tono har 1989 aka rufe, a 2024 UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya. Jar ƙasar wajen ma'adinan suke ƙera tukwane da butar shayi da ita, ana ce musu mumyoi, a gasa da wuta mai tsanani, in kika ƙwanƙwasa kofin sai ya yi ƙara irin ta ƙarfe. A yankin Ogi na tsibirin kuma akwai kwale-kwale zagayayye na katako da aka ɗaure da gora, filafili ɗaya ake tuƙa shi dashi, cikinsa suke shiga tsakanin duwatsu suna ciro dodon koɗi da ganyen teku. Wasu makaɗan ganga da ake kira Kodo da suka zaga duniya ma a tsibirin suke zaune.

Da bazara zai ga masu rufe fuska da fuskar aljani suna bin gida gida da ganga, onidaiko, roƙon albarkar noma ne a addininsu, ya gaishe su da mutunci ya koma gefe. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya raba shara yadda unguwa ta tsara don a kan wannan basa wasa, in tsohuwar maƙwabciya ta kawo masa kabeji ya mayar mata da wani abu ko da ɗan biskit ne. Ki gaida Mama, Allah ya kai shi lafiya.