Amsa kan rage tsawon gindin bindigar farauta

Ɗan'uwa, ka ce gindin bindigar ya yi wa ƙaninka tsawo, sai ya miƙe hannu kafin ya kai kunama. Ana ragewa, amma kada ka yi saurin ɗauko zarto.

Fara da awo, daga kunama zuwa tsakiyar robar da ke zama a kafaɗa. Yawancin bindigogin kamfani inci 13 da rabi ne, na yara kuma wajen 12 zuwa 12 da rabi. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ya sa rigar da yake shiga daji da ita (ta sanyin hunturu na ƙara kauri), ya ɗora kunci. Tsakanin hancinsa da babban yatsansa ya kamata a sami faɗin yatsu biyu.

Wajen yanka ne mutane ke ɓata itace. Kwance robar, naɗe wurin da tef, ja layi daidai da karkatar yankan asali, bi layin da wuƙa mai kaifi don kada itacen ya tsage, sannan zarto mai ƙananan haƙora. Rage rabin inci tukuna, a gwada. Kaurin robar ma yana cikin lissafi, kuma za ta fi sabon bakin faɗi, sai an goge ta. Shafa wa bakin fenti saboda damina.

Idan gindin na roba ne mai rami a ciki, ni dai maƙerin bindiga mai lasisi zan kai wa. Guntun kuma ka adana, yaro ne, zai girma.