Ƙofar zaure

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai in da gaske baƙonka annabinka ne, me ya sa ba na barin baƙo ya kwana a zaure sai na san asalinsa? Na yi murmushi, amma tambayar ta hana ni barci.

Muna yara zauren babanmu ba shi da ƙyaure. Fatake da gardawa sukan sauka, a kai musu tuwo, da asuba su wuce ba a ji sunansu ba. Baba ɗan NEPU ne na a-mutu, mutumin Malam Aminu Kano. Bai yarda da mai kaki ba, ko ɗan doka ko soja. Cewa yake sandarsu ba ta sauka sai a gadon bayan talaka.

Sai Disambar 1980, faɗan Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki. Fiye da mako guda Kano ba kasuwa, ba niƙa. Harbi muke ji dare da rana, mata da goyo suna kwararowa unguwarmu ko takalmi babu. Abin da ya fi kashe mana jiki, yawancin yaran Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, irin gardawan nan ne da muka saba miƙa wa ƙwarya. Wa za ka bambance? Ranar da Shagari ya turo sojoji, da idona na ga Baba ya ɗaga hannu yana yi musu addu'a, hawaye na bin gemunsa. Mutum sama da 4,000 suka mutu. Kafin wata ya kama Baba ya kira kafinta ya sa wa zaure ƙyaure. Da na yi magana ya ce, “Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.” Da aka sake yi a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982 da Jimeta a 1984, ya ƙara sakata. Har ya rasu yana son Malam Aminu, amma ya koma cewa ƙasa sai mai ƙarfin hannu.

Mu dai mun ga gawa kafin mu rufe ƙofa. Ku kuwa waya ke kawo muku tsoro safe da yamma, ba ku tambayar wa ya turo, kuma ga ku da saurin yanke wa ƙabila guda hukunci. Ƙanenka har cewa ya yi a daina sayen nono wurin Bafulatanar da ke kawo mana tun yana rarrafe, saboda wani bidiyo da ya gani. Na ce masa muddin ina raye, ƙwaryarta a gidan nan za ta sauka.