Yarona ya ji rauni a injin casar shinkafa: me doka ta ɗora mini?

Tambaya: Barista, ina da injin casar shinkafa a Kura da ma'aikata goma sha biyu, ban da 'yan dako da nake ɗauka lokacin kaka. Kwanan baya bel ya kama hannun ɗaya daga cikin yarana, na kai shi asibiti na biya kuɗin magani, amma danginsa sun ce sai na biya diyya. Kuma ana ta gaya mini cewa sababbin dokoki sun tilasta mini biyan albashin naira dubu 70 da yin inshora. Na daɗe da yin rajistar sunan kasuwancina. Ina gaskiyar take?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye na gaba. Abin da ake tsorata ka da shi ba shi ne babbar matsalarka ba, don haka bari mu sallame shi da wuri. Gaskiya ne a watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin kaka ko waɗanda ake biya gwargwadon buhun da suka ɗauka ba. Wannan sassauci ne na doka kawai, bai sauke maka nauyin biyan mutum abin da zai riƙe gidansa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne raunin yaron. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba sabuwa ba ce, sai dai ana yawan yin biris da ita a karkara, kuma ba ruwanta da yawan ma'aikata. Ta ɗauki lebura na wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da fatar baki duk a matsayin ma'aikata. Abin da ta nema shi ne mai wurin aiki ya yi rajista da hukumar NSITF, mai kula da asusun biyan diyyar ma'aikata, ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata daga aljihunsa, domin an hana a cire shi daga albashin ma'aikaci. Idan kana biyan naira 600,000 a wata, naira 6,000 ke nan. Da kana biya, da asusun ne zai ɗauki nauyin magani da diyyar nakasa, da sharaɗin ka kai rahoton haɗarin cikin kwana 7, shi kuma yaron ya nemi diyyar cikin shekara guda.

Idan ba ka yi rajistar NSITF ba, kamar yadda tambayarka ta nuna, dangin suna da hanyar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki. A can abin da za a fara tambaya shi ne ko bel ɗin yana da murfi, saboda dokar masana'antu ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari. Na sha shiga wuraren casa na tarar an cire murfin an jingine shi a bango don a samu sauƙin ɗaure bel, ga ƙura ta turnuƙe, ga yaro da riga mai faɗin hannu yana miƙa hannu ya share ɓuntu injin na gudu. Wanda wurinsa yake haka zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa sakaci ba nasa ba ne. Shawarata ita ce ka nemi sulhu tun magana ba ta yi tsami ba, a zauna gaban mai unguwa da shaidu, a kawo rahoton likita kan girman raunin, a rubuta abin da aka biya. Amma ka sani dokar ta hana ma'aikaci ya yafe haƙƙinsa na diyya ta hanyar yarjejeniya da maigidansa, saboda haka takardar da aka matsa masa ya sa hannu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba za ta rufe maka ƙofar shari'a ba.

Rajistar da ka ambata ma tana bukatar gyara. Rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ka da kasuwancin, wato idan aka ci injin bashi ko aka yanke masa diyya, ana iya bin gonarka da gidanka. Kamfani ne doka take ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa. A da sai mutum biyu suke iya kafa shi, shi ya sa ake ta cusa sunan mata ko ƙane a takarda, amma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar ya kafa nasa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin ɗaukar mai binciken asusu. Wannan kariya ta gaba ce, ba za ta koma baya ta rufe haɗarin da ya riga ya faru ba. Ka haɗa da ba kowane ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa, domin dokar ƙwadago ta nemi a ba shi cikin wata uku da fara aiki.

Sai batun inshora. A watan Agustan 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. Mafi yawan nauyinta a kan kamfanonin inshora yake, domin ta ɗaga jarin masu inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, na masu inshorar rai zuwa biliyan 10, don su iya biyan mutane idan asara ta auku. Abin da ya shafe ka kai tsaye biyu ne. Duk motar da kake ɗaukar kaya da ita dole ta kasance da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna a hanya, kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken ta. Ka guji takardar da ake saya a bakin ofishin lasisi ba tare da an duba ba, ka sa a bincika lambar motar a rumbun bayanan inshora na ƙasa ta waya. Na biyu, ginin da jama'a ke shiga domin ciniki yana cikin waɗanda ake wajabta wa inshora, kuma wurin da manoma ke kawo shanshera kullum yana iya faɗawa ciki.

Idan shakkar halacci ce take hana ka, akwai kamfanonin takaful masu lasisin hukumar kula da inshora ta NAICOM, waɗanda ke tafiya bisa tsarin taimakekeniya ƙarƙashin kulawar malamai. Ko wanne ka zaɓa, kariya ba ta fara aiki sai kuɗi sun shiga, don haka ka biya ta banki da sunan kamfanin, kuma ka bayyana ainihin yawan buhunan da sitonka ke ɗauka a tsakiyar kaka, domin wanda ya rage ƙimar kayansa don ya biya kaɗan, ranar gobara gwargwadon abin da ya bayyana za a biya shi.