Wai wace irin ƙwallo ce ta ɗaliban Amurka?

Tambaya: Salam Malam, ni daga Argungu nake. Ƙanena da ke karatu a Mishigan kullum Asabar sai ya turo min hoton filin wasa cike maƙil, wai ƙwallon jami'arsu ake. Ƙwallon ɗalibai har ta tara jama'a haka?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ai ƙanenka bai yi ƙarya ba, filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ka ga ko bikin kamun kifin garinku sai ya yi da gaske. Kuma fa ba irin tamu ta ƙafa ba ce, ƙwallon Amurka ce da suke kira American football, da hannu ake rungumarta a ruga, mutum 11 kowane gefe, ana ba ka dama huɗu ka ci yadi 10, in ka kai ta ƙarshen fili maki 6 ne.

Kakar gajeruwa ce, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba wasa 12 kawai, shi ya sa faɗuwa ɗaya ke ƙona rai sosai, sai zakarun su shiga sili-ɗaya-ƙwale har Janairu. A kakar 2023 Mishigan ta buga 15 ta cinye duka ta ɗau kofi. In kana son tsokanarsa, ce masa kai Ohayo Sitet kake yi, wato jami'ar da ke babbar abokiyar hamayyar Mishigan.