Me ya sa i5 ta riga i7 gamawa?

Ɗana, ka yi mini tambaya biyu a haɗe. Ka ce ga laftop biyu a kan tebur, ɗaya da tambarin i7, ɗayar da i5, ka ba su aiki iri ɗaya, sai mai i5 ta riga gamawa, mai i7 kuwa ko kunna ta ma sai an yi jira. Sannan ka ce kana jin masu sha'awar kwamfuta suna ta gardama, waɗannan sun ce kayan kamfanin Intel, waɗancan sun ce na kamfanin AMD, wasu kuma sun rantse kayan da sun fi na yanzu ƙarko, kana so in gaya maka wa ya fi gaskiya. Amsar duka biyun daga wuri ɗaya take fitowa, don haka bari mu fara da abin da ke gabanmu.

Tambarin nan da aka manna kusa da madannai ba ya gaya maka komai sai ajin da kamfani ya sa furosesan, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, a shekarar da ya fito. Cikakkiyar lamba ita ce magana. Ta farkon i7-7500U ke cikinta, ta biyun i5-8250U. Lambar da ke biye da karan tsakiya ita ce zubi: wancan zubi na bakwai ne, na 2016, wannan na takwas, na 2017. Shekara ɗaya ce kawai tsakaninsu, amma a zubi na takwas ne Intel ta ninka ƙwayoyin da ke cikin irin wannan furosesa na laftop, wato sassan da kowanne ke iya yin nasa aikin a lokaci guda. Shi i7 ɗin ƙwaya biyu gare shi, i5 ɗin huɗu. Harafin U na ƙarshe yana nuna duka biyun an yi su ne don su ci wuta kaɗan, wat 15, saboda batir ya daɗe. Duk aikin da ake iya rarrabawa, kamar juya bidiyo ko matse manyan fayiloli, mai ƙwaya huɗu zai wuce. In aikin na ƙwaya ɗaya ne za ka tarar sun yi kusa da juna, domin ɗaya yana kaiwa 3.5 GHz, ɗayan 3.4. Daga yau kada in ƙara jin ka ce wa mai kaya "ai i7 ce" ka tsaya nan. Da irin wannan rabin magana ake cutar mutane a ciniki, kuma ba na son a koye ta a hannuna.

Haka maganar GHz take. Lambar tana faɗin sau nawa agogon furosesa ke bugawa a daƙiƙa ɗaya, GHz ɗaya bugu biliyan ɗaya ke nan. Ba ta faɗin yawan aikin da ake yi a kowane bugu. Ka ɗauki 'yan dako biyu, ɗaya yana sheƙa gudu da buhu ɗaya, ɗayan yana tafiyarsa a natse da buhu biyu. Mai ƙirga sawu zai yabi na farko, mai kaya kuwa buhu yake ƙirgawa.

Intel da kanta ta sayi wannan darasi da tsada. A watan Maris na 2000 AMD ta riga Intel kaiwa 1 GHz da furosesanta Athlon, da tazarar 'yan kwanaki. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta fito da Pentium 4, wanda tun daga tushe aka tsara shi don lambar ta yi ta hawa. Dabarar ita ce a yanyanka kowane umarni zuwa ƙananan matakai masu yawa, kowane mataki ya ƙare da sauri: matakai 20 a farko, 31 a samfurin Prescott na 2004. Ga inda gizo ke saƙa: furosesa yakan yi hasashen inda shiri zai nufa, ya fara aikin tun kafin ya tabbata. In hasashen ya kuskure, sai a zubar da duk abin da ke kan layin a sake daga farko, kuma dogon layi asararsa ta fi yawa. Ga kuma zafi, wasu Prescott sun kai wat 115. Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin waɗannan kwamfutoci ba zai manta ƙarar fankarsu ba. Athlon 64 da ya fito a 2003, yana 2 GHz ko kusa da haka, yana kafaɗa da kafaɗa da Pentium 4 mai 3 GHz da ɗoriya. Ƙarshe Intel ta tsaya a 3.8 GHz, ta soke na 4 GHz, ta koma kan tsarin Pentium M da injiniyoyinta na Haifa a Isra'ila suka yi don laftop. Daga wannan tushe Core 2 Duo ya fito a watan Yulin 2006, kuma E6600 mai 2.4 GHz da wat 65 ya bar waɗanda suka fi shi lamba a baya.

Kada ka ce to AMD ce mai wayo. Ita ma ta faɗa wannan rami a 2011 da jerin FX. An tallata ƙwaya takwas, alhali kowane biyu suna tarayya a wasu muhimman sassa. FX-9590 na 2013 ya taɓa 5 GHz, amma da wat 220, kuma a wasannin gem da yawa i5 mai ƙwaya huɗu na lokacin ya sha gabansa. Maganar ƙirgar ƙwayoyin nan har kotu ta je a Amurka, a 2019 AMD ta amince ta biya dala miliyan 12.1 a rufe ƙarar. Sai a 2017 ta farfaɗo da Ryzen. To ka ga, wanda ya ce maka "wane ya fi" bai haɗa da shekara da samfuri da irin aikin da za a yi ba, biyayya ga suna yake yi, kuma mai gyara ba shi da jam'iyya a wannan harka.

Duk da haka ina girmama masu sha'awar nan, kuma ina so ka riƙa sauraronsu. Su ke kwana suna gwaji, kuma sau da yawa mutanen waje ne ke fara gano matsala kafin kamfani ya amsa. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano Pentium yana kuskure a wasu lissafin rabawa. Intel ta fara da cewa abin ba zai shafi yawancin mutane ba, daga baya ta yarda ta canja wa duk wanda ya nema, abin ya ci mata dala miliyan 475. A 2024 ma ƙorafin masu gem da masu gwaji ne ya yi ta taruwa kan manyan furosesan kwamfutar tebur na zubi na 13 da na 14, har Intel ta tabbatar wutar da ke shigar musu ta yi yawa, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, wato ƙaramin shirin da ke tayar da kwamfuta in an kunna ta, ta ƙara shekara biyu a garanti. Saboda haka in irin wannan kwamfuta ta zo tana faɗuwa ba dalili, BIOS za ka fara dubawa kafin ka zargi RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta.

Sai dai ka san abin da suke aunawa. Su burinsu ƙarshen gudu, a kan kayan da suka fi kowane tsada, da sanyaya mai ƙarfi. Wanda ya kawo mana laftop wasiƙa yake rubutawa, ya yi lissafi, ya buɗe intanet. Shi abin da ke ɗaure masa kwamfuta galibi ba furosesa ba ne. Kunna mai i7 ɗin nan, ka buɗe Task Manager, tagar Windows da ke nuna nauyin da ke kan kowane sashe, ka zuba ido. Za ka ga layin faifan ajiyar fayiloli ya manne a kashi 100, na furosesa yana can ƙasa yana jira. Kasa kunne kusa da ita za ka ji ɗan ƙas-ƙas na allura tana neman bayani. Faifan nan yana juyi 5400 a minti ɗaya, kowane nema yana cin sama da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci furosesa mai 3 GHz ya buga sau miliyan 30 bai yi komai ba. SSD, sabuwar irin ma'ajiyar fayiloli, ba ta da allura, ba ta da abin da ke juyawa, nemanta ya fi haka sauri ninki ɗari ko kusa. Wannan shi ne dalilin jiran da kake yi in ka kunna ta, kuma ƙarancin ƙwaya ba shi da laifi a nan.

Labaran sabbin kaya kuwa, ka riƙa karantawa, amma da natsuwa. Alƙaluman da kamfani ke nunawa ranar ƙaddamarwa nasa ne, ya zaɓi gwajin da ya fi masa kyau, ka jira masu gwaji na waje. Lambar nanomita ma, wadda a da take nuna ƙanƙantar sassan cikin furosesa, ta daɗe da zama sunan talla: a 2021 Intel ta canja wa wani tsarinta na nanomita 10 suna ya koma Intel 7. Abin da ni nake dubawa shi ne aiki nawa aka yi da wat nawa. Shi ya sa M1 na Apple a 2020 ya ja hankalina, don an sa shi a MacBook Air da ko fanka ba ta da ita.

Masu cewa kayan da sun fi ƙarko suna da rabin gaskiya. Waɗanda suka rage muke gani, waɗanda suka mutu an daɗe da zubar da su, kuma tsakanin 1999 zuwa wajen 2007 an yi annobar kumburin kafasita, 'yan sassan nan masu riƙe wuta, da ta kashe bod, wato babban allon cikin kwamfuta, ba iyaka. Amma kada ka raina tsohon kaya. Furosesan Z80 ya fito a 1976, sai a 2024 aka daina ƙera ainihin samfurinsa. Har gobe akwai injinan masana'antu da na ɗakunan gwaji da tsohuwar kwamfuta ke tuƙawa, saboda katin da ke haɗa su ba ya shiga sabon bod. Wata rana za a kawo maka irinta, kuma ga mai ita ta fi sabuwa daraja.

In ta zo, kada ka jona ta da wuta. Buɗe ta tukuna. A bod na zamanin tsofaffin furosesa 386 da 486 ka nemi ɗan batir mai siffar ganga da aka liƙa da dalma kusa da inda ake jona madannai. In ka ga kore ko shuɗin gari a ƙafafunsa yana bin layukan tagulla, ya zuba ke nan. Cire shi, ka goge wurin da ɗan ruwan khal, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe, sannan ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mitar gwajin wuta ka ga wanda ya yanke. Duba kan kowace kafasita, ya kamata ya zama a shafe, wadda ta yi tozo ko ta fitar da ruwan ƙasa-ƙasa a canja ta. Gwada akwatin wuta shi kaɗai kafin ya taɓa bod. In tsohon nau'in AT ne mai filogi biyu, baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, in ka juya su ka ƙone bod ɗin. Kuma da zarar faifan ya tashi, kwafe duk abin da ke cikinsa kafin komai, domin ba ka da tabbacin zai sake tashi. Ni a kan irin waɗannan nake so ka koyi bin layi da mita, don komai nasu a fili yake, ana gani da ido.

Yanzu koma kan mai i7. Furosesanta a liƙe yake da bod, ba maganar canja shi. Sa mata SSD, ka duba RAM, in 4 GB ce a kai ta 8 ko fiye. Cire fanka ka kwashe ƙurar da ta toshe bakin ƙarfen sanyaya, ka goge busasshen man da ke kan furosesa ka sa sabo kaɗan, domin in zafi ya doshi digiri 100 furosesan da kansa yake rage gudu don ya tsira. Amma kafin ka kwance ko da noti ɗaya, kira mai ita ka gaya masa cewa Windows 10 an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025, kuma wannan furosesa ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Zai iya komawa Linux, wani tsarin da ake sawa a madadin Windows, zai iya tara kuɗinsa ya nemi zubi na takwas ko sama. Ka bar shi ya zaɓa, in ya ce a gyara, ka kwafe masa fayilolinsa tukuna sannan ka kira ni in ga yadda za ka shafa man.